Takardun Baba a Ƙarƙashin Gadona

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Rabi, daga Sabo a Ibadan.

Surukina, mahaifin mijina, yana da makarantar Islamiyya. Ya buga takardun neman ɗalibai, ya sa ayar Alƙur'ani a saman kowacce. Ni ya ba rabon gida-gida, tunda maza ba sa shiga gidajen matan aure.

Ranar farko na raba har ƙafata ta kumbura. Washegari na ga ɗaya a cikin kwata, wata kuma keke ya bi ta kanta. Da na sayi ƙosai a bakin titi, wallahi a cikin takardarmu aka naɗe min, mai ya jiƙa ayar.

Tun ranar ban ƙara raba ko ɗaya ba. Kullum sai in ɗauki jaka in zaga unguwa, in dawo in tura su ƙarƙashin gado. Baba yakan ce, "Rabi, an raba?" Ni da ko ido ba na haɗawa da shi, ta yaya zan ce ya yi kuskure? Sai in ce, "An raba, Baba." Mijina kuwa ya ce kada in sa shi a ciki.

Jiya Baba ya sa min albarka, ya ce za a bugo wasu.

Jama'a ku ba ni shawara. Ƙarƙashin gadon ya cika, ni kuma na gaji da yi wa dattijo ƙarya.