Direban Arfa da Bakin da Harami Ya Ɗaure

Assalamu alaikum, mai girma mai gabatar da shiri. Daga Hor Al Anz a Dubai nake rubuto maka, ni da na shekara tara ina ciniki a kasuwar Deira, ba a taɓa haifar wanda ya rufe mini baki kan farashi ba.

Bana na kai mahaifiyata aikin Hajji. Ranar Arfa motar ayarinmu ta bar mu a Mina. Gwiwoyin Inna ba sa doguwar tafiya, kuma dole mu isa kafin rana ta faɗi. Na tare wani mai tasi, muka daidaita a kan riyal ɗari. Da muka yi nisa sai ya kashe mota, ya ce yanzu ɗari uku ne. Na cika ƙirji zan yi masa jawabi, sai ya nuna haramin da ke jikina, ya ce, "Ya Hajji, mai harami ba ya jayayya." Inna ta riƙe hannuna ta ce, "Biya shi, ɗan nan, kada ka ɓata mana aiki."

Na biya. Duk da haka a shingen 'yan sanda ya sauke mu, ya ce khalas, wato shi ke nan. A goye na ƙarasa da Inna, muka shiga Arfa bayan la'asar.

Ina roƙon malaman shirin nan su ba ni fatawa: faɗan da harami ya hana ni, yana da ramuwa kamar azumi? Domin na haddace lambar motar.