Kwabon Maskat Daga Kogi

Kuskuren mutumin nan ɗaya ne: ya sayi abin da aka tsamo daga kogi. A motar Kakuri na ji su, shekarar da soja suka sauka daga mulki, yana nuna wa wata tsohuwa gwangwanin tsofaffin kuɗin da yake tarawa.

"Baba, wannan kwabon na sarkin Maskat ne, ga Larabci. Masu ɗibar yashi suka sayar mini."

"An huda shi?"

"Har da guntun zare."

"To, daga wuyan jariri ya fito. Macen da 'ya'yanta ke mutuwa takan ba ruwa kwabo, ya bar mata yaron."

"Camfi ne. Na daɗe ina neman irinsa."

"Kana da yara?"

"Ɗaya, Kulu."

"Lafiyarta ƙalau?"

"Kwanan nan da safe gashinta a jiƙe yake. Uwarta ta ce zufa ce."

Tsohuwar ta matsa gefe.

A kan gada ya ce direba ya tsaya. Bai tsaya zaɓe ba, gwangwanin gaba ɗaya ya jefa cikin kogin.