Tarkacen Yara

Akuyar Inna aka sayar aka yi mini kuɗin mota. Motar shanu na hau, na sauka tashar Ojoo a Ibadan ƙafafuna a kumbure. Ku da kuke ɗokin tafiya kudu, ku matso ku ji.

A Sabo, unguwar Hausawa, na samu aiki a shagon gyaran kwamfuta na Basiru, haifaffen unguwar. Hausarsa rabi Yarbanci ce, amma ni yake kira ɗan ƙauye, sai ka ce kakansa ba goro ya biyo ba. Shi ya koya mini baƙin allon nan da suke kira taminal. Da farko na zaci tashar mota yake nufi. Ba hoto a ciki, umarni kawai kake rubuta wa injin. Abin da ka goge ta nan ba ya zuwa kwandon shara, kuma injin ba ya tambayarka ko ka tabbata.

Wata rana Alhaji Sani, wani dattijo mai sayar da goro, ya kawo kwamfuta a naɗe cikin sallaya. Ta ƙi tashi.

Basiru ya duba ya ce, "Baba, sai an wanke ta tas an zuba sabo. Akwai abin da kuke so a ciki?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Ba komai. Tarkacen yara ne."

Da ya fita na ce, "Oga, mu kwafe kayan ciki tukuna. Ka ga bai faɗi sunan mai ita ba. Ina jin ɗan fari ne, kunya yake ji."

"Abeg! Kwastoma ya ce ba komai. Kai za ka sayi man janareto?"

"Oga, a wajenmu uba ba ya nuna..."

"Nan Ibadan ne, ba wajenku ba."

Ya rubuta layi ɗaya, bai kai tsawon yatsana ba, ya danna. Injin bai ce uffan ba. Ya zuba sabo a kai, ya tafi cin amala.

Washegari Alhaji ya dawo. Ya ga ta tashi, ya yi godiya, amma bai tafi ba. Yana ta murza hularsa, can ya ce mini a hankali, "Malam, wancan yaron yakan yi karatun Alƙur'ani a cikinta. Ko za ka kunna mini kaɗan?"

Sai maƙwabcinmu mai ɗinki ya raɗa mana cewa yaron ya rasu, tirela ce ta bi ta kansa a Mokola. Muryar nan ita kaɗai ta rage.

Basiru ya yi ta rubuce-rubuce a baƙin allon, gumi na zuba, babu ko aya ɗaya. Ya durƙusa yana ba da haƙuri. Tsohon ya ce, "Ai ni na ce ba komai." Ya naɗe ta cikin sallayar ya fita. Wallahi ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba.

Daga nan aikin ya fita raina. Da damina ta faɗi na dawo gida, ba akuya, ba jari. Yanzu ga shagona nan kuna gani, duk wanda ya kawo inji ya ce ba komai, sai na kwafe komai kafin na taɓa.

Ranar da na dawo, Inna ko kallona ba ta yi ba, ni ma ɗan farinta ne. Ta ce wa ƙanwata, "Ba wancan ruwa ya sha." Na ciro wayata a ɓoye, na ɗauki muryarta.