Matsefatar da ke Wuyan Inna

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, da duk masu sauraro. Ni ce Sa'adatu, daga wani ƙauye kusa da Ɗanbatta.

Shekara da shekaru mahaifiyata, Inna, tana rataye da matsefata a wuya. Fatar idonta ce ta naɗe ciki, gashin yana gogar ƙwayar idon. Duk Juma'a sai ta ɗora kai a cinyata in tsige mata shi ɗaya bayan ɗaya. Kwana kaɗan ya sake tsirowa, ya fi na da kaifi. Har tsince wake ya gagare ta.

Bayan girbi ma'aikatan ido suka sauka a asibitin garinmu. Inna ta ce ba mai kai mata wuƙa ido. Wata ma'aikaciya ta zauna da ita a tabarma, ta ce, "Inna, ba ƙwayar za mu taɓa ba, fatar kawai za mu miƙar. In aka bari, gashin nan makantar da ke zai yi." Malam, ban taɓa ganin haƙuri irin na matar nan ba. Daga ƙarshe Inna ta yarda, hannunta na cikin na matar har aka gama aikin.

Yau Inna da kanta take zura zare a allura. Matsefatar kuwa ta miƙa wa Baba, ta ce ya riƙa cire ƙaya a gona.

Allah ya saka wa ma'aikaciyar nan da alheri. Sai dai ƙanwar Inna ma ta rataya tata matsefatar, kuma ta ƙi asibiti. Yaya zan shawo kanta, Malam?