Likita ya ce in huta, masara tana gona

Salamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannu da aiki. Talatu ce daga Randagi.

Na daɗe ina fama da ciwon zuciya. Likita ya ce in riƙa aiki kaɗan, in zauna, sannan in ci gaba. A gida ina iyawa. Amma gonarmu tana bakin daji, a ayari muke zuwa, kafin azahar kowa ya juyo saboda 'yan bindiga. Ranar Laraba na ƙi hutawa don in gama karyar masara. Kwana huɗu na yi a kwance, ƙafafuna a kumbure.

Maigidana ya ce, "Talatu, masara ta fi ranki ne?"

Yanzu na kasa zaune na kasa tsaye, rabin gonar yana nan. Masu irin ciwona, yaya kuke raba aiki idan lokacin ba a hannunku yake ba?