Ganyen Ayaba a Tashar Madurai

A wata rumfar abinci a tashar Madurai da ke kudancin Indiya, Veluchami ya gama cin shinkafa ya naɗe ganyen ayabar da ya ci a kai. Wata dattijuwa da ke kusa da shi ta leƙo.

"Ƙanena, wa ya rasu?"

"Ba kowa, Yaya."

"To me ya sa ka naɗe ganyen waje, nesa da jikinka? A gidan makoki ake haka, don kar a sake haɗuwa a kan irin wannan abinci. Mai son komawa, wajen ƙirjinsa yake naɗowa."

"Na sani. Girkin makoki ne sana'ata, hannun ya saba."

"Ina za ka?"

"Tirunelveli, gidan da 'yata za ta yi aure. Yau za su ba ni abinci. In na naɗe waje a gabansu, maganar aure ta mutu. Tun safe nake ci ina gwadawa."

"Ya gyaru?"

"Cikina dai ya cika."

"Yaron na kirki ne?"

"Haka kowa ya ce."

"Kai fa?"

Veluchami ya dubi hannunsa kamar na wani ne.

"Na taɓa girki a gidan. Makokin matarsa ta fari."

"Me ya same ta?"

"Wai risho ne ya fashe."

"Ka ga rishon?"

"A kansa na dafa musu shayin makokin."

Dattijuwar ta suɗe yatsunta, ta tura masa ragowar shinkafarta.

"Daina wahalar da hannun nan, ƙanena. Lafiyarsa ƙalau."