Tagogin Gidan Klang

A layin rigakafin korona a Bukit Jalil, can ƙasar waje, wata mata ta ji saurayin da ke gabanta yana waya da Hausa.

"Ɗan'uwa, daga ina?"

"Jos, Hajiya. Sunana Gamaliel. Amma a Klang nake, bakin teku."

"Me ya kai ka can?"

"Lokacin kulle na rasa ɗaki. Wata tsohuwa 'yar China ta ba ni gidan kakanta, ya fi shekara ɗari, ba kowa ciki. Sharaɗinta ɗaya: kullum da safe in buɗe tagogi, kada danshi ya ruɓar da katakon kafin a sami mai saye."

"Allah ya saka mata. An samu?"

"An samu. Ya ce rashin warin funfuna ne ya sa ya saya."

"Kai! Da hannunka ka kori kanka!"

"Ban yi da-na-sani ba. Har kuka tsohuwar ta yi da take gaya mini an sayar."

"Yanzu ina za ka?"

Ya gyara takunkuminsa. "Ina nema."

"Ƙanin maigidana ya maƙale a Kano, ɗakinsa na unguwar Wangsa Maju a rufe. Bari in kira maigidan."

"Hajiya, ba ki san ni ba fa."

"Ita tsohuwar ta san ka ne?"